Wanda Ya Rubuta Waƙoƙin Dusa

Ƙasim Bashari ya rayu shekara ashirin da shida da wata huɗu, kuma a duk tsawon wannan lokaci mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne. Malama Hajaratu ta yi digiri, tana koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo, amma ta taso ta tarar da alkunyar ɗan fari a gidansu, ba ta kuma ga dalilin ajiye ta ba. "Yayansu" take ce masa. Ko a asibiti, idan ciwon sikila ya kwantar da shi aka tambayi sunan majiyyaci, kati take miƙawa.

A jami'a a Kano ya fara jin kiɗan rok, a wayar wani ɗan ɗakinsu: jita tana kuka kamar ana wasa wuƙa, mawaƙin kuma ba ya yabon kowa. A 2019 ya dawo gida da takardar digiri da wata tsohuwar jita mai lantarki. Ya nemi Mudassir, wanda ya iya ganga, mai kula da injin niƙan mahaifin shi Mudassir ɗin a Kutama. Sannan ya nemi Lukuman, ɗan Kabo mai murya, wanda a da yake bin gidajen biki yana waƙar amare.

A rumfar injin suke gwaji, da rana tsaka. Can ne ake da janareto, kuma ƙarar injin tana rufe ta jita, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan gidan malamai. Masu kawo niƙa ne suka sa musu suna Dusa, wato abin da ake tankaɗewa a zuba wa awaki. Ƙasim ya ce sunan ya yi.

Doka ɗaya ya kafa musu: ba a ambaton sunan kowa a waƙarsu, ba attajiri, ba ɗan siyasa, ba amarya.

"Waƙar da ba sunan kowa, wa zai tsaya ya ji?" in ji Lukuman.

"Waɗanda ba a taɓa sa su a waƙa ba. Sun fi yawa."

Ƙasim ne yake rubutawa, a wani littafi mai jan bango: ruwan saman da ya makara a garin Gude, tsutsar da ta cinye masara, mai digiri da yake sayar da fetur a kwalba. Wasansu na farko a wani gidan kallon ƙwallo ne a Gwarzo, kafin a sa wasa. Da ledojin ruwa aka jefe su. A karo na huɗu samari suka fara amshi. Hajaratu ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. A bakin ɗalibanta take ji, sai kuma garin masarar da take kakkaɓewa daga rigunansa.

Duk damina ciwon yakan kayar da shi. Idan ya dawo rumfa, ido rawaya, Lukuman yakan durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, in zai yiwu." A yi dariya. Shi ma Ƙasim yakan yi.

A damina ta 2022 aka gayyaci Dusa wasa a Kano. Ƙasim yana kan gadon asibiti, ana ƙara masa ruwa, ya ga a waya an cire shi daga dandalin hirar ƙungiyar. Sun samu wani mai jita a birni. Mudassir ya kawo lemo, ya ajiye a ƙasan gado, bai iya ɗaga kai ba.

"Me Lukuman ya ce?" Ƙasim ya tambaya.

"Wai ba za su jingina da jitar da take kwanciya duk shekara ba."

Hajaratu tana zaune a kan tabarma, ta ji. Ƙasim ya juya fuska bango. Ya rasu bayan kwana goma sha tara, ranar Talata da hantsi.

Bayan arba'in Lukuman da Mudassir suka zo. Suka durƙusa a tsakar gida, maƙwabta mata uku suna zaune. Lukuman ya yi gaisuwa mai tsawo: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Za su shiga situdiyo, kuma ba su haddace duka baitocin ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da littafin. Ba ta miƙa ba.

"Za ku faɗi wanda ya rubuta?"

"Wa ke nan, Mama?"

"Yayansu."

"Ai ba za a rubuta Yayansu a faifai ba," in ji Lukuman, yana murmushi. Ya zaro biro, ya buɗe tafin hannunsa. "Ki faɗa min sunan, in rubuta."

Ya san sunan. Ya kuma san ba ta faɗa, don sau da yawa ya tsokani Ƙasim da cewa ko a gidansu ba a san sunansa ba. Mudassir ya ce a hankali, "Haba, Lukuman." Matan suka sunkuyar da kai.

Hajaratu ta dubi littafin. A gefen bangon akwai shatin babban yatsansa, inda gumi ya cinye launin.

"Ƙasim," ta ce. Sai ta maimaita. "Ƙasim Bashari."

Ɗaya daga cikin matan ta yi salati. Lukuman ya rubuta a tafin hannunsa, harafi bayan harafi, ya nuna mata, ya karɓi littafin da hannu biyu.

Bayan wata biyar, ranar wata Asabar da safe, Hajaratu tana tsintar shinkafa, Badi'a, ƙanwar Ƙasim, ta shigo da rediyo a guje. Lukuman ne ake hira da shi. Mai gabatarwa ya ce waƙar ruwan Gude ta shiga ko'ina, wa ya rubuta ta?

"Dusa ce ta rubuta," in ji Lukuman. "Mu ba ma ambaton sunan kowa. Dokarmu ce tun ranar farko."

Mai gabatarwa ya ce lallai wannan tawali'u ya yi ƙaranci a mawaƙan yanzu. Aka saki waƙar. Jitar ba ta yi kukan da ɗalibai suke kwatanta mata ba; an gyara ta, ta yi santsi.

Badi'a ta kai hannu za ta kashe.

"Bari," in ji Hajaratu, idonta a kan faifan shinkafa. "Ta Ƙasim ce. Bari ta ƙare."