Ganyen Surukai

Maƙwabciyata ta ɗakin sama kek take yi, amma ba irin na kowa ba. Bishiyar zuri'a take zanawa a kai da kwaɓin sukari: kakanni a saiwa, 'ya'ya a rassa, jikoki a ganye, kowa da sunansa. Shi ya sa duk layinmu ake ce mata Mai Reshe. Tun rasuwar maigidana nakan hau in zauna a bakin kicin ɗinta da carbina, ina kallon ikon Allah.

A wurinta na san ashe zumunci ma da awo ake yinsa. Wani ya zo da fushi wai an sirance masa reshe. Wata ta ce a ɗaga ɗanta likita can ƙololuwa, mai gyaran babur kuma a sa shi ta wajen bango. Ita dai sai ta ce to.

Dabara ɗaya ce ta fito da ita. 'Yan jini da sukari take manne su, surukai kuwa a tsinken sakace take soke ganyensu. Ta ce tsakanin gasa kek da yanka shi aure yakan mutu. Sai a zare ganye, a shafe ramin da bayan cokali, kamar ba a yi ba.

Ana nan surukinta zai cika tamanin, yayar mijinta ta hawo bene tana haki.

"Amaryarmu, ki yi mana yadda kike wa mutane. Bare a tsinke."

"Har da ni, Yaya?"

"To ke jininmu ce? Ai tsarinki ne, ba ni na ƙirƙiro ba."

Shekara ashirin a gidan, ga 'ya'ya huɗu, amma wai bare. Mai Reshe ta ce to. Na dai lura ranar ta daɗe tana dafa wani sukari har ya yi ja ya yi danƙo, ta tsoma tsinke ɗaya a ciki. Ban tambaya ba.

Ranar taro falo ya cika. Yaya ta ce hoton farko na 'yan jini ne zalla, ta bi kek ɗin tana tsige ganyen surukai tana zubawa a faranti, har da nata mijin, yana tsaye yana murmushin dole. Da ta zo kan ganyen Mai Reshe ta ja, ya ƙi. Ta cije leɓe ta fizga. Sai ga reshe ɗungurugum a hannunta, da ƙanen nata da yaran huɗu da gutsuren kek.

Tsohon ya gyara tabarau. "Ke, ina za ki kai mini ɗana da jikokina?"

Ta mayar, ya faɗo. Ta sake mayarwa, ya sake faɗowa.

"Sai dai ki riƙe, Yaya," in ji Mai Reshe a hankali.

Haka aka ɗauki hoton, Yaya a sunkuye tana tallafe da reshen, da ganyen da komai. Allah ya yafe mini, na yi dariya a cikin mayafina.