Inna ta gane autanta a ƙarƙashin teku

"Kai, wannan kifi kamar an yi mashi lalle!"

Inna ke nan jiya da hantsi a tsakar gidanmu na Mairuwa, ta ajiye tankaɗe ta riƙe wayata da hannu biyu tana kallon wani bidiyo.

Autanmu Sani ne ya turo bidiyon daga Jidda, inda yake aiki. Ya nutsa cikin Bahar Maliya da tukunyar iska a baya, fuska a rufe. Ya roƙe ni kada in ce shi ne, don Inna ko bakin dam ba ta bari mu je.

Tana ta dariya, ga kunkuru na wucewa, sai mutumin ya ɗaga hannu. Nan take ta ce:

"Wannan ai Auta ne."

"Haba Inna, ko fuskar ba a gani."

"Yatsan da ya karye a gona fa? Kira mani shi."

Na kira shi. Ta karɓa ta ce, "Ka dai fito lafiya? Alhamdulillahi. In za ka koma, ka faɗa mani in yi maka addu'a tukuna."

Ashe ɓoyon ne ya fi damunta. Ku me kuka taɓa ɓoye wa mahaifiyarku ta gano da kanta?