Illiassou da Kyanwar Dutsen Jura

Illiassou ɗan Gaya ne, kuma ubanshi maharbi ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan Nasara cikin dajin W, shi a gaba, su a baya da huluna kamar faifai. Yakan duƙa kan kashin giwa ya faɗa maka jiya ta wuce ko shekaranjiya. Ni dai ban ga abin alfahari a nan ba, amma Turawa har tafi suke yi mishi. Wata cikinsu ta bar mishi aparai, abin ɗaukar hoto mai dogon baki, shi ke nan mutum ya zautu. Zaki na hamma, ɓauna cikin taɓo, babu wanda ya tsira.

Da 'yan bindiga suka shiga dajin, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya tarkato ya zo Lyon. Aka ɗauke shi a wani izin, wato masana'anta, a Saint-Fons, inda ake dama sinadarai masu wari. Shi da matarshi Zaituna suka sauka a benenmu na Rillieux, hawa na shida, ƙofarsu na kallon tawa. Yana ce mini Kaka, ina ce mishi Sarkin Dawa don in ba shi haushi.

Bara izin ɗin ya rage ma'aikata, har da shi. A ƙasar nan in ba ka da kwantaragin aiki, firefektir, ofishin gwamnati mai ba da takardu, ba ta sabunta maka katin zama. Nashi zai mutu ƙarshen Maris, ga Zaituna da cikin wata bakwai. Babu ƙofar da bai buga ba. Daga ƙarshe wata mata mai kamfanin sayar da hotuna a Paris ta kira shi. Ya dawo da yamma ya zube kan kujerata.

"Kaka, ta ce zakunana sun yi kyau, amma kowa na da zaki. Lenkis take so, na dutsen Jura, cikin ƙanƙara, fuska da ido. In na kai kafin ashirin ga Maris, kwantaragin shekara ne."

"Mene ne kuma lenkis?"

"Kyanwar daji ce. Ta kai kare girma, da tukku a kunne."

"Kyanwa? Ga ta madam ɗin hawa na uku nan. Ba ta sardin, har murmushi za ta yi maka."

"Akwai waɗanda suka shekara ashirin a dutsen nan ba su gan ta ba."

"Kai da ka zauna da zaki?"

Bai yi dariya ba. Nan na gane abin ya wuce wasa.

Ba shi da rigar da za ta tare sanyin can, sai Alhaji Bukari mai kanti ya ara mishi wani ƙaton manto. Zaituna kuwa 'yar Damagaram ce, ba za ta bar mijinta ya fita da tsamin wani ƙato a jikinshi ba. Ta haɗa garwashi a kasko, ta zuba turaren wuta, ta kifa kabbasa, ta lulluɓe da manto. Kwana biyu yana shan hayaƙi. Hula, safa, har ƙyallen da zai ɓuya a ciki, duk ta turara. Ba zan ɓoye ba, ni na ƙara mata da humra, na ce mai zuwa neman arziki ya tafi da ƙamshi.

Ya kama ɗaki a wani ƙauye a gindin dutsen, tafiyar awa biyu daga nan. Kullum in ya sallame asuba sai ya hau, ya tsuguna bayan itace har rana ta yi sanyi. Sawun kyanwar kuwa ga shi ko'ina, sabo fil. Sai dai duk sawun da ya nufo wajenshi, in ya rage taki ɗari biyu, sai ya juya. Ko barewarsu ba ta kusanto shi. Ranar Juma'a ya sauko masallaci, leɓe a fashe, yatsu sun yi baƙi, Zaituna ta karɓi manto ta sake ɗora shi a kabbasa. Juma'a ta zagayo, ta sake.

Ya kira ni rana tsaka, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Kaka, ki sa ni a addu'a. Kamar an yi mini asiri."

"Wa zai ɓata layarshi a kanka? Me gare ka, aparai?"

"Kwana goma sha shida. Ko wutsiya ban gani ba."



Wani tsoho mai shanu ne ya warware mishi. Ya hau duba shingenshi, ya zo kai tsaye har inda Illiassou ya ɓuya, ya ce, "Malam, tun daga ƙasa nake jin ƙamshinka. Coci za ka buɗe a nan?" Illiassou ya sunsuni hannun riga, bai ji komai ba. Yaya zai ji? Da ƙamshin nan yake kwana, da shi yake tashi. Ɗan maharbi fa! Mutumin da a W ba ya taɓa sabulu in zai shiga daji, kayan dajinshi ma a bukkar aiki yake barinsu. Amma can aiki ne. Nan daga ɗakin matarshi rigar ta fito, kuma wane namiji ne zai tsaya yana tuhumar rigar da matarshi ta miƙo mishi?

Saura kwana huɗu. Ya tuɓe manton, ya yi wanka da ruwa zalla, tsohon ya ara mishi wata yagaggiyar rigar turke mai warin kashin shanu, marar kauri. Da ita ya koma cikin ƙanƙara. Rana ta uku, wajen la'asar, ta fito. Taki talatin, in ji shi, ta tsaya kan wani dutse tana kallonshi, ido cikin ido. Ya ce wa yatsanshi danna, yatsa ya ƙi, ya sandare. Kafin ya danna da ɗayan hannun, ta juya. Abin da ya samu: ƙugu, guntuwar wutsiya mai baƙin baki, da kunne ɗaya.

Da shi ya hau jirgin Paris yana tari kamar tsohuwar mota. Matar ta daɗe tana duban hoton.

"Ita ce," ta ce. "Amma fuska na ce."

Ya yi mata bayanin yatsa, da na kati, da na ciki. Ta ce wallahi ta tausaya, ya sake gwadawa baɗi. Baɗi! Mutumin da ya rage mishi kwana goma sha ɗaya.

Firefektir ta aiko da takardar barin ƙasa. Lauya ya ɗaukaka ƙara, aka ja wata huɗu, ba a dace ba. A tsakani Zaituna ta sauka, mace, aka sa mata Halimatou. Har yau bai ce wa matarshi kanzil kan turaren ba, ita kuwa in ta gan ni a matakala sai ta sunkuyar da kai, kamar ita kaɗai ta yi.

Jiya na shiga na tarar yana naɗe aparai cikin zane.

"To Sarkin Dawa, me za ka yi a Yamai? Dajin dai a rufe yake."

"Hoton biki, Kaka. Amare ba su gudu."

Jirginsu ranar Talata ne.