Ranar da Yayana Alƙali Ya Zauna a Ƙasa

Da sunan Allah nake farawa. Kakar bana ta cika shekara goma sha bakwai da muka kwantar da yayana, Malam Ishaƙa, a maƙabartar gabas da gari. Masu tuna shi sukan ambaci karatunsa da kyawun rubutunsa. Ni kuwa abin da ba a son ambata shi zan faɗa, wato yadda aka cire masa rawanin alƙalanci, domin a nan ne na san ko wane ne shi.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Yaya yana alƙali a wani ƙaramin gari tsakanin Bungudu da Gusau, ni kuma ina noma, gidanmu ɗaya, rumbunmu ɗaya. A wancan zamanin alƙali ba shi da albashi. Da kaka manoma sukan aiko wa malamai damman dawa, a ce zakka ce ko gaisuwa, ba wanda yake ganin laifin haka.

A wata kaka wani makiyayi mai suna Buba, daga rugar da ke kusa da Bilbis, ya kawo ƙarar wani manomi, Ɗan Barmo. Ya ce saniyarsa ta ɓace a kan burtali, ya tsince ta ɗaure a gidan mutumin. Ɗan Barmo ya ce a kasuwar Tsafe ya saya, ya kawo shaidu biyu. Ana cikin shari'ar sai ga jakuna a ƙofar gidanmu da damman dawa daga Ɗan Barmo, wanda bai taɓa aiko mana ko zangarniya ba. Na tambayi Yaya, ya ce zakka ce, a zuba a rumbu. Da hannuna na zuba.

Makiyaya suna da hanyarsu ta gane dabba. Kowace saniya da sunanta, in mai ita ya kira za ta baro garke ta zo. Buba ya roƙi a fito da ita fili ya kira ta. Yaya ya ce shari'a ba ta sauraron shaidar dabba, ya ba Ɗan Barmo saniya.

Buba ya ce, "Allah shi gafarta Malam, in alƙali ne ya cuce ni, ina zan kai ƙara?"

Wani daga cikin mazauna zauren ya ce, "Ka kai wa shanunka, tun da su ad da shaida." Aka yi dariya, har da ni.

Buba bai koma ruga ba. Ya taka har Gusau wurin wani tsohon alƙali da ake ɗaukaka ƙara gabansa. Masu tsaron ƙofa suka ce masa ana ƙarar hukunci, amma ba a taɓa ƙarar alƙali ba. Ya zauna gindin wata tsamiya kwana uku, har tsohon ya lura da shi ya sa aka shigo da shi. Bayan mako sai ga takarda da ajami, ana kiran Yaya.

Abokai suka taru. Wani ya ce ya aika amsa a rubuce, rawani ba ya gurfana. Ni, Allah ya yafe mini, na ce mu kwashe dawar mu kai gidan surukaina, in an tambaya mu ce ba mu ga komai ba. Yaya ya yi fushi ƙwarai da Buba, ya yini bai ci abinci ba. Washegari bayan asuba ya ce mini, "Na duba littattafaina ina neman inda zan ɓuya, ban samu ba. Ɗaura wa jaki akumari."

Da muka shiga zauren tsohon, aka shimfiɗa wa Yaya buzu kamar yadda ake yi wa malamai. Buba yana zaune a ƙasa, ya ce, "Baba, in za a ba shi buzu, ni ma a ba ni. Na fi shi jin sanyi, tun Bilbis nike tafe."

Tsohon ya yi murmushi. Kafin ya ce komai, Yaya ya naɗe buzun da kansa, ya zauna a ƙasa kafaɗa da kafaɗa da Buba.

Aka kawo saniyar, aka sake ta cikin shanun mahauta a bakin kasuwa. Buba ya tsaya nesa ya kira sunanta, "Saye." Ta ɗaga kai, ta ratso garken ta zo tana lasar hannunsa. Shaidun Ɗan Barmo suka fara kallon juna, da aka kawo Alƙur'ani kuwa ba wanda ya yarda ya dafa.

Abin da tsohon ya yi bayan haka shi ya sa nake wannan rubutu. Ya raba maganar biyu. Ya ce alƙalin da shaidu suka ruɗa ba a kama shi da laifi, a warware hukuncin kawai, don in ana hukunta alƙali kan kowane kuskure ba mai yarda ya zauna a kan buzu, wanda ya zauna kuma tsoron manya ne zai riƙa yi masa hukunci. Sannan ya dubi Yaya ya ce, "Malam, mi ya shiga rumbunka?"

Yaya ya ce, "Dawar Ɗan Barmo, ana cikin shari'a. Na kira ta zakka, zuciyata ta san ba zakka ba ce. Ita ta hana ni bari a kira saniya."

Aka mayar wa Buba dabbarsa. Aka aika da maganar dawar sama wurin hukuma, ba a yi wata ba aka karɓe rawanin. Yaya ya koma zaure yana karantar da magidanta fiƙihu har ƙarshen ransa, kuma duk lokacin da aka zo babin shari'a da labarin kansa yake ba da misali, ba ya rage komai.

Yau abubuwa sun sake. Alƙali yana karɓar albashi daga baitulmali, ana rubuta hukunci a littafi, ana zuwa ana dubawa. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, baƙi sun yi yawa, shari'o'i sun yi yawa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai ji daɗin albashin, don ya san nauyin kyautar mai ƙara. Amma zai ce littafi abin da aka rubuta kawai yake nunawa, ba ya leƙa rumbu. Har yanzu akwai alƙalan da ke ganin rawaninsu katanga ne. Sai dai talakan wannan yanki ya riga ya ga alƙali a ƙasa sau ɗaya, bai kuma ga sama ta faɗo ba. Almajiran Yaya biyu suna alƙalanci yanzu, na kuma ji masu ƙara suna yi musu tambaya ido da ido, su amsa ba tare da sun kira dogari ba.

Ranar jana'izarsa muna shirin ɗaukar makara sai ga wani mutum da sanda a kafaɗa, ƙafafunsa duk ƙura. Buba ne. Wasu suka so su tare shi. Ya ce, "Ku ba ni gefe ɗaya. Ni nis sa aka tuɓe shi, shi kuwa bai taɓa wuce ni a kasuwa bai gaishe ni ba."

Na matsa na ba shi gefena. Allah ya jiƙan Malam Ishaƙa, ya sa hisabin da ya karɓa a duniya ya sauƙaƙa masa na can.