Basharu da Ƙwaronsa Ɗan Boko

Basharu mutumin Dodoru bai taɓa yarda abin gida yana da amfani ba. Takalminsa na Kwatano ne, agogonsa na Dubai, ko albasa aka ce masa daga waje take sai ya rantse ta fi zaƙi. Gonar waken da ya gada kuwa, rabinta ciyawa ce.

Wata shekara ya dawo daga fatauci da kwalba cike da wasu jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi. Muna da irinsu tun kaka da kakanni, 'yan ƙanana, ba ruwansu da kowa, aikinsu cin darɓar da ke lalata wake da dawa. Nasa sun fi girma, kuma wai daga ƙasar Sin suke.

"Wanga ƙwaro ya yi boko," in ji shi a kasuwar Gwandu. "Naku na ƙauye sai kwana."

Ya saki wasu a gonarsa, ya bi gonakin mutane har Kalgo yana rabon sauran. Wanda ya ƙi karɓa ya sha sunan baƙauye. Daminar farko darɓa ta ragu, Basharu ya ɗinka malum-malum, ya ce a riƙa kiransa Dakta.

Da baƙin suka gama da darɓa sai suka juya kan ƙwarinmu 'yan gida, suka cinye musu ƙwai, suka faɗa wa nunanniyar gwaiba. Da sanyi ya shigo suka bi mutane ɗaki: cikin buta, cikin hula, cikin ƙwaryar fura. Ka taɓa ɗaya ya sako ruwa rawaya mai wari, ya ɓata maka farar riga ranar Juma'a.

Rannan matarsa Lauratu ta ajiye masa tuwo, wasu na iyo a miya.

"Malam, ga baƙinka nan. Ko in zubo musu nasu daban?"

"Ba nawa ba ne," ya ce yana tsamewa. "Nawa suna da tarbiyya. Waɗanga daga Diggi suka taso."

Da manoma suka kafa kwamitin yaƙi da ƙwaron, Basharu ya riga kowa zuwa, ya kama kujerar gaba, ya ce ba wanda ya san halin maƙiyin kamarsa. Aka rasa mai musu, don gaskiya ce. Shi ne shugaba har yau. Kwamitin bai kashe ko ɗaya ba tukuna, amma an buga riguna masu tambari.

A taron da ya wuce ya yi dogon jawabi kan illar kwashe-kwashe, wani ƙwaro na yawo a gemunsa. Ba wanda ya faɗa masa.