Yaya Mamman da hayaƙin tashar Gummi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Mamman, bakanike a tashar motar Gummi. Ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Gummi da Anka, in ratse Bukkuyum in ta kama, kuma shi ke duba mini mota tun ranar da na fara riƙe sitiyari.

Yaya ba ya buɗe inji sai ya shaƙi hayaƙinsa. Zai tsugunna a bayan mota, hancinsa dab da salansa, bututun da hayaƙi ke fita, ya ɗaga murya: "Taka mata!" Direba ya taka totur, hayaƙi ya turnuƙe shi. In baƙi ne, ya ce mai ya yi yawa. In ya yi shuɗi, inji na shan baƙin mai. Da wuya ya kuskure, kuma ya san haka, don akwai shi da ɗan cika baki. Yana gamawa sai ya kira mai tallar nono ya shanye ƙwarya guda, wai nono na wanke ƙirji. Duk tashar mun yarda da haka. Ni kaina na sha miƙa masa ludayi.

Mahaifiyarmu, Inna, ita ta fara tsorata. "Mamman, wanga tari naka bai yi man ba," in ji ta. Ya yi dariya, ya ƙara nono. Ranar da muka kai shi asibiti, likita ya ce huhun ya riga ya lalace, ya tambayi sana'arsa. Tsohuwar motata ta fi kowace zuwa wurinsa, kuma ƙafata ce ke kan totur.

Kwanan baya, muna hanyar Anka, rediyo ya kawo labarin ƙasashen da suka shimfiɗa layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Wai jama'a da dama sun bar motoci sun koma jirgi, hayaƙin nan da ke ɗumama duniya yana rikita damina ya ragu a hanyoyinsu. Fasinja suka kaure da musu, ni kuwa Yaya na tuna. Na san da yana raye, da farko cewa zai yi, "To mu mi za mu ci?" Daga baya kuma shi zai riga kowa shiga layin tikiti, don sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi a Gusau yana saurayi, bai daina ba mu labarin ba har ya kwanta ciwo.

Mu nan ko layin dogo ba mu da shi. Motocin sun ƙaru, sun ƙara tsufa, babura sun cika gari. Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗanda ya koya wa aiki har yau suna tsugunnawa kamar yadda ya nuna musu. Sun gaji gwanintarsa da gaskiyarsa, sun haɗa har da abin da ya kashe shi. Na yi magana, sun ce ai ajali ne. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.

Ni ma tun daminar bara wani busasshen tari ya kama ni, kuma ban ajiye motar ba, don da ita gidan Yaya da nawa ke ci. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Duk ranar da na dawo daga hanya na shiga gaishe ta, sai ta ce, "Zamna nan kusa, yi numhwashi in jiya." Nakan ja numfashi a hankali, in danne tarin har sai na fita zaure.