Zumar Kawu a Cikin Fura

Kawuna na Fagam bai yarda zuma tana da abokin tafiya ba. A wurinsa, lasarta ake yi a ɗan yatsa, ita kaɗai, a yi shiru a ji abin da za ta yi wa harshe. Wanda ya zuba zumarsa a shayi ko a koko, gara ya tsaya a gabansa ya zage shi.

Ita kuma zumar tasa ba irin ta kowa ba ce. Mutane da ciyawa suke saƙa amya, shi kuwa kututturen ƙirya yake rarakewa ya ɗora a kan bishiya, ya ƙi taɓawa sai ta daɗe a ciki. In ya ɗebo, baƙa ƙirin take fitowa. Farkon lasa akwai zaƙi, ban hana ba. Amma kafin ka gama murna sai itacen ya biyo baya, da hayaƙi, da wani bauri mai kama dasashi, kamar ka tauna ƙonanniyar muciya. Tun muna yara yake jera mu yana ɗiga mana, yana bin fuskokinmu da kallo. Ni da fuskata ba ta iya rufa asiri, kullum ni ce wadda ba ta san daɗi ba.

Da matarsa ta rasu, wadda muke ce wa Inna, sai Kawu ya daina shan fura. Mutumin da furar rana ce abincinsa. Surukansa mata sun dama har sun gaji, an canza mai nono, an sayo gero daga Kwandiko, duk a banza. Sai ya kai ludayi baki ya ajiye, ya ce wannan ruwa ne, damun fura ya bi Inna kabari. Ya rame har hularsa ta fara yi masa yawa, abin kuma ya tsorata mu.

Ran nan aka kawo shi Birnin Kudu ganin likita, ya sauka a gidana da tsarabar kwalbar zuma. Ko ruwa bai sha ba ya sa muka miƙa yatsu. Maigidana ya lasa ya hau santi, alhali ina ganin jijiyar wuyansa ta miƙe. Ni kuwa na yamutsa fuska yadda na saba. Kawu ya ce ashe aure da haihuwa ba su ƙara mini hankali ba. Na kawo tuwo, ya ce ya ƙoshi.

Raina ya ɓaci sosai. Na shiga ɗakin girki na dama wa kaina fura, don haushi kawai na kwarara zumar nan a ciki, na ce in haramun ne yau sai na aikata. Da na kurɓa sai na zauna. Tsamin nonon ya haɗiye baurin gaba ɗaya. Hayaƙin da ke shaƙe ni ya koma ƙamshi, ya shige tsakanin citta da kanumfari ya yi zamansa. Ban san lokacin da na ɗauki ƙwaryar na dire ta a gaban Kawu ba.

Ya ce ba ya sha. Na ce ni ma ba na tashi, mu zuba mu gani. Don ya rabu da ni ya kai ludayi ɗaya. Sai ya ƙara na biyu, ya riƙe a baki bai haɗiye da wuri ba.

"'Yar nan, wa ya koya miki damun Innarki?"

Na ce babu kowa. Na nuna masa kwalbarsa da ta yi ƙasa, na kuma shirya jin faɗa.

Ya daɗe yana kallon kwalbar. Can ya ce, "Ashe shi ya sa zumata ba ta taɓa kaiwa damina ba. Ni kuwa ina ta zarginku da sata."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, mu ma muka taya shi. Dariyar ta ƙare, hawayen ba su tsaya ba, bai kuma share ba. Ni ma kewar Inna ta kama ni, na sunkuyar da kai. Maigidana ya zame ya fita tsakar gida.

Kawu ya sha rabin ƙwaryar, sannan ya turo mini kwalbar da bayan hannunsa.

"Ƙara kaɗan," in ji shi. "Hannunta ya fi naki nauyi."